Inda Rafin Ya Karkata

Shekara ashirin da bakwai Don Plinio Almánzar ya yi yana tuƙa bas a gundumar Bronx, kuma ko da ya yi ritaya bai bar kowa ya manta ba. In ka tambaye shi hanyar asibiti, sai ya haɗa maka da tarihin kowace kwana, da shagon da ke wurin a da, da sunan mai shagon, da abin da ya raba shi da matarsa. Mu da muke zaune tare da shi a rukunin dogayen benayen nan na jan bulo a Marble Hill mun daɗe da gane cewa in kana sauri, gara ka ɓata da ka tambayi Don Plinio hanya.

Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa 'ya ɗaya, Yokasta, wadda ta yi karatu har ta zama lauya. Ranar da ta ce za ta nemi kujerar alƙali a ƙaramar kotun gundumar Bronx, ba tare da manyan jam'iyya sun sa mata albarka ba, uban ne ya fara miƙewa. Doka ta ce kafin sunan mutum ya hau takardar ƙuri'ar fidda gwani, sai ya kawo sa hannun mutum dubu huɗu, 'yan jam'iyyarsa masu rajista, mazauna cikin gundumar. Ɗan takarar manya yana da ma'aikata da motoci. Yokasta tana da ubanta, da 'yan uwa biyu, da matan cocinsu.

Mako biyar Don Plinio ya yi yana wannan aiki tun cikin sanyin watan Maris. Sai ya hau lifta zuwa ƙololuwar bene, ya riƙa saukowa da ƙafa hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofofi, takardu a hammata, biro uku a aljihu don kada wani ya fake da cewa ba shi da abin rubutu. Bene bayan bene ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya sha kofi a gidajen da ba ya iya ƙirgawa, karnuka biyu sun kore shi, wata tsohuwa ta sa shi gyara mata famfo kafin ta sa hannu. Da aka haɗa takardun aka miƙa wa ofishin zaɓe, nasa sun fi na kowa yawa, kuma ya tabbatar duk unguwa ta ji.

Wata ranar Talata da safe Yokasta ta shigo gidansa ba ta ko cire kwat ba. Yana tsaye a kicin yana daka dafaffiyar agade, albasa na soyuwa a gefe.

“Papi, zauna.”

“Tun da na yi ritaya nake zaune. Wanke hannu ki ci abinci.”

“Papi, don Allah ka zauna.”

Ya dube ta, ya kashe wuta, ya zauna. Ta ce lauyan abokin takararta, wani Pennock, ya shigar da ƙorafi a kan takardun. An soke wasu sunaye saboda rubutu bai fito ba, wasu saboda ba su da rajista. Wannan dama ta san za a yi. Abin da ba ta zata ba shi ne an soke ɗari huɗu da saba'in daga cikin nasa.

“Nawa? A kan me? Kowa a gabana ya sa hannu!”

“Sun ce ba 'yan Bronx ba ne.”

“To 'yan ina ne? Daga sama suka faɗo?”

“'Yan Manhattan ne, in ji su.”

Don Plinio ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Ya ja hannunta zuwa taga, ya nuna mata kogi da gadar ƙarfe da jirgin ƙasa ke bi a kai. Manhattan tsibiri ce, ga ta can a hayin ruwa, sai ka haye gada kake shigarta. Wannan ko yaron da bai shiga makaranta ba ya sani. Amma Yokasta ba ta yi dariya ba. Ta ce ta taɓa jin cewa wani yanki na Marble Hill na Manhattan ne a takarda, sai dai ta ɗauka tsofaffin gidajen kan tudu ake nufi, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa abin ya shafi benayensu ba.

“Laifina ne, da na bincika,” ta ce. “Yanzu saura mutum saba'in mu cika dubu huɗu, kuma lokacin ƙarawa ya wuce. Ranar Juma'a za a zauna. In ba a mayar mana da saba'in ba, babu sunana.”

Ta tafi ba ta ci abincin ba. Kunya ta rufe Don Plinio, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya goga bas a jikin motar 'yan sanda. Shi da ke koya wa mutane hanya, shi ne ya kai 'yarsa ya baro. Sai dai a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ke yi masa susa, kuma duk wanda ya san mutumin ya san ba zai iya barinsa ba. Ta yaya mutum zai fita daga gunduma ya shiga wata bai haye ruwa ba, bai ga allo ba, bai ko tsallake titi ba? Shekara talatin da huɗu yana yin haka kullum don zuwa wasan domino, kuma ba wanda ya gaya masa.

Ya sa hula ya nufi bene na uku a jerin benayen rukunin, inda amininsa Casimiro ke zama a ƙofar shiga da teburin domino, ko da abokin wasa ko babu.

“Casimiro, kai ɗan ina ne?”

“Ɗan garin Moca, can ƙasarmu, kamar yadda ka sani. Tsufan ya fara taɓa kan ne?”

“A nan nake nufi. Wace gunduma kake?”

Casimiro ya zaro ambulan ɗin wutar lantarki daga aljihu ya nuna masa. Bronx aka rubuta ɓaro-ɓaro. Mai kawo wasiƙa daga Bronx yake zuwa, 'yan sanda daga Bronx, motar asibiti ma haka.

“To ka gani!” in ji Don Plinio.

“Amma fa,” Casimiro ya sosa ƙeya, “duk bayan 'yan shekaru sai a aiko min takarda wai in je can ƙasan Manhattan in zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Na ɗauka kuskure ne. Kuma ranar zaɓe, shugaban gundumar Manhattan nake gani a takardata. Na zaci kowa haka yake gani.”

“Ka zaci! Shekara nawa muna wasa a teburin nan ba ka taɓa faɗa ba?”

“Ka taɓa barin wani ya yi magana a teburin nan?”

“To don me ka sa min hannu, kai da ka san Manhattan kake zaɓe?”

“Haba, compadre, aminina. Ka tsaya min a ƙofa da wannan fuskar taka ka ce 'yarka ce. Ko takardar sayar da ƙodata ce ai sa hannu zan yi.”

Da Casimiro ya ga abokin nasa ba wasa ya kawo shi ba, sai ya ce ya je bene na biyar wurin Misis Tierney. In akwai mai sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan, ita ce, don tana nan tun kafin a dasa bishiyoyin tsakar rukunin.

Misis Tierney ta haura shekara casa'in, jikar mutanen Ayalan ce, daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage bayan sauran sun kwashe sun koma bayan gari. Kunnenta ya yi nauyi amma bakinta bai yi ba. Ta zaunar da shi, ta haɗa masa shayin da ya fi kama da ruwan wanki, ta saurari tambayarsa da hannu a bayan kunne.

“Sai yau ka sani, Mista Almánzar? Kai da kake tare ni a lifta kana ba ni tarihin unguwar da aka haife ni a ciki?”

Ya sunkuyar da kai ya kurɓi shayin, a matsayin hukuncinsa.

Ta ce a da tudun nan shi ne kan tsibirin Manhattan, kuma ruwan da ya raba shi da Bronx wani rafi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke zagaye shi ta arewa. Ubanta ya yi wanka a cikinsa yana yaro, ya kama ƙaguwa, ya sha duka saboda ya dawo gida da laka har wuya. Jiragen ruwa ba sa iya bin rafin, sai aka fasa dutse aka haƙa sabuwar hanya ta kudu da tudun, wadda ita ce kogin da yake gani ta tagarsa. Tudun ya zama tsibiri shi kaɗai na 'yan shekaru. Daga baya aka kawo ƙasa aka cike tsohon rafin, tudun ya manne da Bronx kamar dama can tare suke.

“Amma ba wanda ya gaya wa takarda,” ta ce. “Iyaka tana nan inda rafin yake. Ruwan ne kawai ya tafi. A kansa aka gina benayen nan.”

Don Plinio ya ajiye kofi. Ashe duk shekarun nan a kan rafi yake tafiya da busasshen takalmi. Ya ce mata abin takaici, har sunanta yana cikin waɗanda aka soke, tare da duk na bene na biyar.

“Me ka ce?”

“Na ce an soke sunanki! Wai ke 'yar Manhattan ce!”

“Ni? Uban wa ya faɗa?” Ta buga sandarta a ƙasa. “Shekara saba'in nake jefa ƙuri'a a Bronx. Na binne shugabannin gunduma sun fi a ƙirga, kuma ba ɗaya da ya gyara min tagar nan. Rafin ta gaban benen nan ya bi, ba ta bayansa ba. Su wa suka gaya musu rafi yana tafiya a miƙe?”

Washegari tun kafin a buɗe laburaren unguwa yana tsaye a ƙofa. Ma'aikaciyar ta nemo masa hoton wata tsohuwar taswira ta zamanin da rafin ke gudana, da wata sabuwa mai nuna benayen, ta daidaita girmansu a injin ta buga masa. Ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya manna su a gilashin taga, hasken rana ya ratso. Sai ga rafin ya fito ta cikin benayen kamar jijiya a bayan hannu.

Nan ya gane abin da ya faru. Mutanen Lauya Pennock sun ji ƙishin-ƙishin ɗin labarin, amma sun yi ƙyuyar bin diddigi. Sun ɗauki hanyar ƙafa da ta ratsa tsakiyar rukunin a matsayin iyaka, suka soke duk benayen da ke kudu da ita. Shi kuwa rafin ba ruwansa da hanyar ƙafa. Daidai bene na biyar ya yi ciki ya lanƙwaso kudu, ya bar benen a ɓangaren Bronx, kamar yadda tsohuwar ta faɗa. Don Plinio ya buɗe kwafin takardunsa ya ƙirga sunayen bene na biyar sau biyu, yana lasar yatsa. Casa'in da shida ne.

Da ya kira Yokasta ya gaya mata, ta yi wata ƙara da sai da ya janye wayar daga kunne.

“Papi! Ka tabbata? Casa'in da shida? Saba'in kawai muke nema!”

“Ni za ki tambaya ko na tabbata? Shekara ashirin da bakwai...”

“Na sani, na sani. Ka zo da taswirar ranar Juma'a. Ka sa rigar nan shuɗiya. Papi, ka cece ni.”

Da mutum ne mai hankali, da nan ya tsaya. Ya sami abin da yake nema, ya wanke kansa, sai ya je gida ya goge shuɗiyar riga. Amma Don Plinio ba ya iya ganin farkon hanya ya ƙi ganin ƙarshenta. Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa, gari ya waye a jiƙe, sai ya ɗauki taswirorinsa ya fita ya bi rafin da ƙafa.

Kuma rafin ya nuna kansa. Ga kwarin nan na filin wasa inda ruwa ke kwanciya kwana uku bayan ko'ina ya bushe. Ga inda shimfiɗar siminti ke tsagewa duk shekara ana facinta. Ga bishiyoyi uku a jere da suka fi sauran girma ba tare da wani dalili ba. Ya wuce su sau dubu yana zagin masu gyara, ashe ba laifinsu ba ne. Yana tafe yana magana shi kaɗai, yana ƙirga taku, har wata mata mai tura keken jariri ta sauya hanya. Daɗi yake ji irin na yaro, ya ma manta da zancen zaɓe.

Bayan bene na bakwai rafin ya juya. Don Plinio ya bi shi, ya ga ya haye hanyar ƙafar ya yi arewa, ya ci gaba da yin arewa, ya zagaya ta bayan bene na tara kafin ya dawo. Ya tsaya cak. Ya ɗaga taswirorin sama ya duba, ya juya su, ya sake dubawa. Bene na tara yana arewa da hanyar ƙafa, shi ya sa mutanen Pennock ba su taɓa shi ba. Amma yana cikin lanƙwasar rafin, a ɓangaren Manhattan.

Wata dattijuwa ta fito daga benen da jakar cefane. Ya tare ta.

“Doña, gafara dai. In kin je zaɓe, shugaban wace gunduma kike gani a takarda?”

“Manhattan mana. Ina 'yar taka? Ka gaya mata muna yi mata addu'a.”

Ya sami benci ya zauna, bai damu da jiƙar ba. Sunaye hamsin da uku ya samo a bene na tara. In an mayar da casa'in da shida, Yokasta ta haye da rarar ashirin da shida. In aka cire hamsin da uku, ta faɗo ƙasa. Ya yi lissafin ta kowace fuska, bai sauya ba. Ya ji haushin kansa, ya ji haushin rafin, ya ji haushin mutanen da suka mutu shekara ɗari da suka wuce ba su gyara takarda ba. Wa ya aike shi? Da ya zauna a gida da yanzu bai sani ba, kuma da ba abin da ya dame shi.

Yokasta ta riga ta gaya masa cewa lokacin shigar da sabon ƙorafi ya wuce. Sunan da ba a yi ƙorafi a kansa ba ya zauna ke nan. Ba wanda zai tambaye shi, ba ƙarya zai yi ba, shiru kawai zai yi. Ya ninke taswirorin biyu daidai bayan bene na bakwai, ya bi ninkin da farce har ya kwanta, ya sa su a jaka.

Ranar Juma'a suka hallara a wani ɗaki mai dogon tebur a ofishin zaɓe. Jami'ar da ke sauraron ƙorafin mace ce mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa, da ganinta ka san ta gaji da lauyoyi tun kafin a haifi wasunsu. Pennock na gefe ɗaya, rabin hankalinsa a waya. Yokasta ta yi bayani a taƙaice, sannan ta ce mahaifinta zai nuna.

Don Plinio, cikin shuɗiyar riga, ya shimfiɗa taswirorin a ninke. Ya nuna tudu, ya nuna hanyar da aka haƙa, ya bi rafin da yatsa har ya zagaye bene na biyar. Abin da zai ɗauke shi awa guda a teburin domino, a minti uku ya gama shi. Yokasta ta ɗan dube shi da mamaki. Jami'ar ta sa aka buɗe rajistar masu zaɓe, aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, aka tarar duk a Bronx suke.

“An mayar da casa'in da shida,” ta ce, ta rubuta. “Lauya Pennock, akwai magana?”

Pennock ya ɗaga kafaɗa ya fara tattara takardunsa. Yokasta ta matse hannun ubanta a ƙarƙashin tebur. Da a nan aka tashi, da shi ke nan.

Sai dai ita ma jami'ar ashe irin Don Plinio ce. Ta sa tabarau, ta jawo taswirorin gabanta.

“Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa ganin wannan ba,” ta ce. “Rafi a ƙarƙashin gidaje! Ni 'yar gundumar Queens ce, mu namu ruwan a fili yake. Wannan ba ya cikin shari'a, don kaina nake tambaya.” Ta buɗe ninkin, ta shafe shi da tafin hannu. “Daga nan kuma ina ya nufa, Mista Almánzar?”

Ya ɗora yatsa a bayan bene na bakwai. Yatsar ta tsaya a nan. Bai taɓa jin an tambaye shi hanya ya rasa amsa ba, kuma ga amsar a bakinsa, tana ƙona shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi a ɗakin da sanyinsa ya sa kowa bai cire kwat ba.

Yokasta ta san fuskar nan tun tana goye. Ta sunkuyo, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci don kada sauran su ji.

“Papi, mene ne?”

“Ba komai, mija, 'yata. Mu tafi.”

“Kai ne aka tambaya hanya ka ce mu tafi? Me ka gani?”

“An gama. Kin ci. Ke kika ce lokaci ya wuce.”

“Wane bene?”

“Na tara.”

“Nawa?”

“Hamsin da uku.”

Ya ga tana lissafi, ya ga inda lissafin ya kai ta. Ta rufe ido. Shekara uku take shirin takarar nan, ta bar aiki mai albashi saboda ita, ta sha wulaƙanci a ofisoshin manya. Pennock ya riga ya miƙe yana neman hannun kwat ɗinsa. Abin da ya rage kawai ta yi murmushi ta ce mahaifinta ya gaji.

“Ci gaba da nuna mata, Papi,” ta ce da Turanci, kowa ya ji.

Yatsar ta motsa. Ta haye hanyar ƙafa, ta yi arewa, ta zagaya ta bayan bene na tara ta dawo. Jami'ar ta bi ta da ido, ta dubi jerin takardun da ke gabanta, ta cire tabarau a hankali. Ta gane. Pennock ma ya tsaya da hannu ɗaya a cikin kwat.

“Lauya Almánzar,” in ji jami'ar, “ba wanda ya yi ƙorafi a kan wannan benen, kuma lokaci ya wuce. Ba dole ne in duba ba. Kin fahimce ni?”

“Na fahimta. Amma ni na riga na duba.” Ta gyara zama. “Kujerar alƙali nake nema. Ba zan fara da abin da na san ba daidai ba ne. Na janye waɗannan takardun.”

Jami'ar ta ɗauki biro. Aka buɗe rajista don cika ƙa'ida, aka tarar da abin da kowa ya riga ya sani. Aka cire hamsin da uku, saura ashirin da bakwai ta cika. Pennock, wanda ya ci shari'ar da bai san ya shiga ba, ya ɗan rusuna wa Yokasta ya fita.

A waje rana ta fito, mutane na ta kai da kawo, mai sayar da 'ya'yan itace na kiran farashi. Suka tsaya a kan matakala. Don Plinio ya ji kamar ya tsufa shekara goma tsakanin ƙofa da nan.

“Da na iya yin shiru...” ya fara.

“Ka yi shirun ai. Fuskarka ce ba ta iya ba.”

“Ni na jawo miki, tun farko har ƙarshe. Ki yafe min, mija.”

Sai a lokacin hawayen suka zubo mata, ba ta share ba. Ta dube shi ido cikin ido.

“Ba yau ba, Papi. Yau ka bar ni in ji haushinka.”

Ta karɓi jakar daga hannunsa, ta saƙala hannunta cikin nasa, ta riƙe shi gam suka sauka.